Sanarwa ga ƴan rukuni kan tsaron ƴan uwanmu mata

Salamu alaikum ƴan uwa, don Allah kowa ya karanta wagga sanarwa har ƙarshe.

Shekaranjiya da dare wata ƙanwarmu ta dawo daga karatu wani ya biyo ta har bayan hostel inda fitilar nan ta mutu, Allah ya taimaka wasu ɗalibai sunka ji ihunta, takalminta ɗaya a hanya munka tsinto shi da safe. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Ƴan mata in lakca ko karatun dare ya kai ku bayan isha'i ku jira juna, kar wadda ta taho ita kaɗai, kuma duk malamin da ya ce ki same shi ofis bayan an tashi ko ya haɗa maki da wata buƙata, ki aje saƙonninshi kar ki goge, hujja ce.

In kuma fyaɗe ya riga ya faru, Allah ya kiyaye, ba laifinki ba ne. A je asibiti kafin a yi wanka ko a wanke tufafin, maganin kariya daga HIV cikin awa 72 yake aiki. Akwai cibiyar Nana Khadija mai kula da waɗanda anka yi ma fyaɗe a asibitin Specialist nan Sakkwato, kyauta ne kuma suna riƙe sirri. Dokar VAPP ma, wadda ta hana cin zarafin mutane, jiharmu ta sa mata hannu tun 2021, ana iya kai ƙara.

Maza ku ma da ku nake, kunya ko tsoron surutun mutane ke sa ƙannenmu yin shiru, ku daina yawo da sunan yarinya. Mai son rakiya ofishin kula da harkokin ɗalibai ta yi min magana ta gefe, ni zan raka ta.