Amsa ga ƙanena da ya tambaye ni dalilin damuwata da agwagwar tekun Amurka

Assalamu alaikum ƙanena.

Ka tambaye ni a gaban mutane cewa tunda hukumar IUCN, mai jera halittu bisa haɗarin ɓacewarsu, ta saka agwagwar tekun nan da Turawa ke kira surf scoter a sahun waɗanda babu fargaba sosai a kansu, to ni meye nawa na damuwa, kuma tsuntsuwar ma ba tamu ba ce. Tambayarka tana kan hanya, shi yasa naga gara in amsa a rubuce kowa ya gani.

Gaskiya ne ba tamu ba ce, ba za ka ganta a dausayin Haɗeja da Nguru ba, agwagin da ke zuwa mana can da hunturu daga Turai da Asiya suke tasowa. Ita wannan ta Arewacin Amurka ce. Toron baƙi ne wuluk, da farin tabo a goshi da wani a ƙeya, bakinsa kuma katon gaske mai ruwan lemo da fari da ɗigon baƙi a gefe, nauyinsa wajen kilo 1. Macen ruwan ƙasa ce, ta ɗan fi shi ƙanƙanta. Lokacin sanyi suna bakin teku, ta yamma daga tsibiran Alushiyan na Alaska har Baja Kalifoniya a Meziko, ta gabas kuma daga Niyufanlan har wajen Filorida, a daidai inda igiyar ruwa ke fashewa suke nutso su ɓamɓaro ƙumba, wato halittar ruwan nan mai ɓawo biyu, da makamantanta daga jikin duwatsu su haɗiye da ɓawon gaba ɗaya, ƙundu ne ke niƙewa. In bazara ta zo a gefen Fasifik sai su bi ƙwan kifin herin, da shi suke tara kitsen tafiya arewa.

To ga inda damuwata ta fara. Haihuwarta a hankali take. Sai ta kai shekara 2 ko 3 kafin ta fara ƙwai, sheƙa ɗaya a shekara, ƙwai 5 zuwa 9, a ƙasa cikin dazuzzukan sanyi na Alaska da arewacin Kanada kusa da ƙananan tafkuna, ta ɓoye ƙarƙashin rassan da suka sunkuyo. Macen ita kaɗai take kwanci wajen kwana 30, toron tuni ya kama hanyar teku. 'Ya'yan suna fitowa suke bin ruwa suna cin ƙwari da kansu, kuma a tafkin da iyaye suka yi yawa har cakuɗewa suke, kaga uwa da 'ya'yan wata. Tsuntsun da rayuwarsa take haka dogaronsa kan tsawon ran manya ne, in manyan mata suka fara mutuwa fiye da ƙima ba a shekara biyu ko uku ake cike gurbin ba.

Sannan suna da ɗabi'ar taruwa dubbai a wuri ɗaya, musamman lokacin da suke zubar da gashin fiffike, makonni suke yi ba sa iya tashi sam. Duk abin da ya faɗa wa ruwan nan ya faɗa musu gaba ɗaya. Ranar 7 ga Nuwamba 2007 jirgin dakon kaya Cosco Busan ya gogi ginshiƙin gada a mashigin tekun San Faransisko da ke Kalifoniya, baƙin mai sama da galan 53,000 ya malala, wajen lita 200,000 kenan, daidai lokacin da agwagin ke isowa hunturu. An ƙiyasta tsuntsaye kusan 6,800 suka mutu, kuma cikin duk nau'ukan wannan agwagwar ce tafi asara, sama da dubu. Mai in ya taɓa gashinta ruwa yake shiga har fata, sanyi ya kashe ta, in ta yi ƙoƙarin gyara gashin da baki kuma ta haɗiyi guba. Abin yana min ciwo sosai wallahi. A wannan mashigin dai akwai matsalar sinadarin seleniyam, wata baƙuwar ƙumba daga Asiya da ta bayyana a 1986 tana tara shi a jikinta, agwagin su ci, har hukumomin lafiya na Kalifoniya suka ja kunnen mafarauta kan yawan cin namansu.

Yanzu batun matsayin da ka kawo. IUCN tana da ma'auni, misali kafin a ce halitta ta shiga haɗari ana duba ko ta ragu da kashi 30 cikin ɗari a shekara 10 ko zuriya uku, ko yankinta ya ƙuntata, ko yawanta ya yi kaɗan. Wannan agwagwar yankinta faɗi gareshi kuma suna da dubban ɗaruruwa, so bata faɗa sahun masu haɗari ba. Amma a wannan rajistar dai an rubuta cewa yawanta raguwa yake. Kuma ƙidayar kanta ka duba yadda take, tun 1955 Amurka da Kanada ke ƙirga agwagi daga jirgin sama duk bazara, an tsara lokacin ne don agwagin da ke fara sheƙa da wuri, su kuma waɗannan a makare suke yi, daga sama kuma da wuya a bambance ta da 'yan uwanta biyu, baƙar da mai farin fiffike, sai a haɗa su ukun a lissafi ɗaya. Ko a haka alƙaluman sun nuna sun ragu ƙwarai a kan yadda suke a da. Shi yasa a ƙarshen shekarun 1990 aka kafa Sea Duck Joint Venture, haɗin gwiwar ƙasashen biyu don binciken agwagin teku kawai, su ne suka ɗauki nauyin saka musu na'urar da tauraron ɗan adam ke bibiya don a gano inda suke sheƙa da inda suke zubar da gashi.

Kai ma shaida ne kan yadda matsayi ke juyawa da sauri. Ungulun da muka taso muna gani a mahauta tana wannan sahun na babu fargaba, a 2011 aka maida ita sahun masu haɗari, a 2015 aka kai ta matakin gab da ƙarewa. Raguwar ta riga rajistar da shekaru. Can Amurkan ma an taɓa yin agwagwar Labrado, ita ma ta teku mai cin ƙumba, tun shekarun 1870 ba a sake ganinta ba kuma ta tafi kafin masana su san yadda take sheƙa.

Ni a ganina abin da ya dace shine a kiyaye wuraren taruwarsu daga mai da guba, a kula da kifin herin, a kuma yi taka tsantsan da farauta tunda har yanzu halal ce a dokarsu. An ɗan motsa, a 2016 a gabar Atlantika ta Amurka an rage kwanakin farautar agwagin teku daga 107 zuwa 60, abin da mutum zai harba a rana daga 7 zuwa 5, na ji daɗin wannan matakin. Saura a yi musu ƙidaya tasu ta kansu, kowane nau'i daban, a lokacin da suke kan sheƙa.

Wassalam, yayanka.