Lakar gindin tabki ma tana ba da tarihi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah ka ba ni ɗan fili a shafin kimiyya, saboda duk sanda aka zo maganar dabbobin da suka ƙare a duniya sai kaji ana ta batun ƙasusuwa kawai, alhali akwai wata shedar da ni wallahi tafi burge ni, wato ƙwayoyin irin fumfuna da suke kwance cikin lakar gindin tabki.

Akwai fumfunar da ake kira Sporormiella, ita a kan kashin dabbobi masu cin ciyawa take tsirowa. Dabba ta haɗiye ƙwayar tare da ciyawa, ta fito da ita a kashi, ta tsiro ta sake feso wasu, ruwan sama ya wanke su zuwa tabki, laka ta rufe su shekara bayan shekara. To masu bincike sai su zura dogon bututu su zaro lakar, su yanka ta sala-sala su ƙirga. Inda ƙwayoyin suka yi yawa to dabbobi sun yi yawa a lokacin kenan.

Na taɓa leƙa ƙwayar a maikuroskof, wato madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa, 'yar mitsitsiya ce ruwan ƙasa mai duhu, asalinta gaɓa huɗu ce a jere amma yawanci a wargaje zaka same su ɗaya ɗaya, kowacce da 'yar tsaga a lanƙwashe a jikinta, kuma wannan tsagar ce abin dubawa, in ka yi gaggawa sai ka ɗauki wata fumfunar daban ka rubuta ta a matsayinta, ka ga lissafi ya lalace tun daga tushe.

A tabkin Appleman na jihar Indiyana a Amurka, binciken da ya fito a 2009 ya nuna ƙwayoyin sun ragu sosai tsakanin shekaru 14,800 zuwa 13,700 da suka wuce, kuma abin da ya tsaya min a rai shi ne sai bayan manyan dabbobin wajen sun ragu sannan itatuwan wajen suka canja, gobarar daji ta ƙaru. A Ostareliya ma an ga irin haka a wata fadama da ake kira Lynch's Crater wajen shekaru 41,000 baya.

Amma fa sai an yi hattara, ƙwayar ba ta tafiya da nisa, in bakin ruwa ya ja baya adadinta zai iya raguwa a tsakiyar tabki ko da dabbobin suna nan, kuma kashin zomo ma tana fitowa a kai, ba na manyan dabbobi kaɗai ba. Shi yasa ake haɗa ta da wasu fumfunan kashi irinsu Sordaria da Podospora da kuma gawayin da ke cikin lakar kafin a yanke hukunci.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Naka,
mai karanta ku kullum.