Sanarwa ga masu gidan kondo

Assalamu alaikum ƴan uwa. Wannan saƙon na waɗanda suka sayi gida a benen haɗaka ne, wato kondo, a nan Amurka.

Kuɗin da kuke biyan ƙungiyar masu gidaje duk wata akwai inshora a ciki, amma ta ginin ce: rufi, bangon waje, matakala. Ba ruwanta da kujerunku, talabijin, ko akwatunan atamfa da leshin uwargida. Waɗannan sai kun yanki taku, wadda ake kira HO-6.

Watan jiya bututun ruwa ya fashe wa wani ɗan uwanmu, kafet da katifa suka jiƙe sharkaf, ga shi bai yanka ba. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Don Allah ku karɓi takardar inshorar ginin ku karanta. Wata iyakarta bango, kabad ɗin kicin da daɓe duk suna wuyanku. Ku bi ɗaki-ɗaki ku ɗauki hoton kaya, ku adana rasit. Gwal kuwa, Hajiyoyinmu, kaɗan HO-6 ke biya idan an sace, sai an rubuta shi daban. Ambaliya ma ba ta ciki, inshorarta daban ce.