Wasiƙa zuwa ga Bakanon Ingila

Unguwar Sanusi, Kaduna

Assalamu alaikum mutumina,

Ina gajiya, ya sanyi, ya karatu? Shirun ya isa haka. Idan kuɗin kira kake tsoro, ai ba mamaki, Bakano ne kai ko a Birmingham.

Albishirinka. Na samu alƙalami Parker 51 na asali! Ka tuna Ɗanjuma mai gwanjo na Kasuwar Barci? Magadan wani tsohon akawun reluwe suka kai masa akwatin ƙarfe, shi kuma ya aiko yaro ya kira ni, wai "malamin alƙaluma" ya zo ya duba. Rabin kayan Hero 616 ne, 'yan Shanghai ɗin nan da muka yi ta ɓata fararen rigunanmu da su a sakandare. Daga nesa ba ka raba su da 51, don shi suka kwaikwaya: bakin a ɓoye, tsininsa kawai ya leƙo, ga maƙalin murfi mai siffar kibiya. Amma ina ɗaukar wannan na ji nauyinsa daban. Jikinsa Lucite ne, wata irin roba mai tauri da sheƙi, sumul, ba layin haɗi, murfin kuma yana shiga da santsi, ba ya girgiɗi. Da na sa gilashin mai gyaran agogo sai ga tambarin Ingila a gefe, ya soma gogewa. Na kwance shi na tarar da irin wanda ake matsa 'yar jakarsa ya zuƙi tawada, kuma wannan tsari a 1948 ya fito, alhali shi 51 ɗin tun 1941 ya shigo kasuwa. Na jiƙa shi a ruwan sanyi ya kwana, da safe ya yi ta fitar da shuɗi, yanzu da shi nake rubuta maka wannan. Dubi yadda layin yake tafiya, ko sau ɗaya bai yanke ba.

Na san abin da za ka tambaya, nawa zai yi in an sayar. Ba na sayarwa ba ne, ɗan kasuwa.

Af, Sani Dogo ya ƙara aure, mun sha ɗaurin aure a Rigasa. Uwargida ta yi yaji kwana biyu ta dawo. Shi ne fa mai yi mana wa'azin mace ɗaya.

A cikin akwatin akwai wani alƙalami baƙi mai 'yar sanda a gefe, wadda ake ɗagawa a zuba tawada. Sunan ya goge, launin ya koma kamar miyar kuka da ta kwana. Na murza shi da babban yatsa har ya yi ɗumi, na sansana, warin farar wuta. Ka ga tauraren roba ne ke nan, wanda rana ke kashe wa baƙinsa. Da seluloyid ne, wata irin roba ta daban, da ƙamshin kafur zan ji. A bakinsa an buga 14K, zinare ne. Sai dai jakar robar cikinsa ta bushe, ta zubo gari-gari, kuma duk Kaduna ban ga mai sayar da ita ba, har Panteka na leƙa suka yi mini dariya. Don Allah ka nemo mini a can, tare da kwalbar tawadar Quink baƙa guda ɗaya. Zan auna faɗin in turo maka ta WhatsApp.

Ƙanina Habu kuwa ya so ya ɗura wa Parker ɗin tawadar allo, Allah ya sa na shigo. Ƙaron cikinta zai toshe hanyar gaba ɗaya. Yanzu a kulle suke cikin durowa.

Hajiya tana gaishe ka, tana tambaya ko har yanzu ba ka ƙoshi da bokon ba. Maman Ummi ta ce turaren da ka yi mata alkawari ta yafe, tunda ta gane halinka. Yaushe za ka shigo, kafin azumi ko sai babbar salla?

Naka,
Bazazzagin da ya fi ƙarfinka