Zuwa ga Charlie Baker, shugaban NCAA, kan maganar NET

Ranka ya daɗe, barka da aiki. Ni dai mai son ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka ne, irinmu da ke hana ido barci har ukun dare saboda bambancin lokaci. Kuka na kawo maka kan NET, ma'aunin jera ƙungiyoyi bisa ƙarfinsu, da hukumarku ta NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta kawo a 2018 ya maye gurbin tsohon ma'aunin RPI, na san kafin hawanka ne a 2023, amma ai yanzu kai ne a kan kujerar.

Wallahi abin nan ya canza halin koci-koci. A da in ƙungiya ta ba da ratar maki 25 saura minti huɗu, koci yakan juya ya sako yaran benci, waɗanda suka sha wahalar atisaye ba sa samun shiga, filin ya kaure da ihu. Yanzu sai ka ga manyan 'yan wasa na ciki har ƙarshe ana ta jibgar ƙaramar makaranta, don kwamfuta na lissafa makin da ka ci da wanda aka ci maka duk lokacin da ƙwallo ta zo hannu, kuma lissafin ba shi da iyaka. Da farko akwai ɓangaren da ya tsaida ratar nasara a maki 10, a 2020 aka cire shi gaba ɗaya. To wane koci ne zai yi sassauci alhali aikinsa ya rataya a kan shiga March Madness, babbar gasar ƙarshen kaka ta ƙungiyoyin da kwamitinku ke tantancewa a watan Maris?

Sai tsara jadawali. A 2024 Brad Brownell na Clemson ya fito fili ya zargi makarantun rukunin Big 12 da ɗauko raunanan abokan karawa a farkon kaka su lallasa su, lambarsu ta hau, sannan duk wasan da suka yi da juna ya koma Quad 1, wato ajin wasannin da suka fi daraja. Ka ga kuwa nasarar Quad 1 sai ka doke 'yar 30 na farko a jerin NET a gidanka, ko 'yar 75 na farko a gidanta, kuma manya ba sa yarda su je gidan ƙananan da suka iya wasa, faɗuwa a can asara ce zalla.

Abin da ya sami Indiana State a 2024 har yau yana ci mini rai. Sun ci wasa 28, suna cikin 30 na farko a NET ɗinku, Drake ta doke su a wasan ƙarshe na rukuninsu, shi ke nan kwamiti ya bar su a waje saboda ƙarancin manyan nasarori. A ina za su samo su? Da shekara ta zagayo sai ga North Carolina ta shiga cikin ƙungiyoyi 68 na March Madness da nasara 1 tak a wasa 13 na Quad 1, West Virginia mai nasara 6 tana gida. Haba ranka ya daɗe, da wane mudu ake awo?

Roƙona ku fitar da lissafin NET kowa ya gani, tunda har yau a ɓoye yake, ku sa wa rata iyaka. Sannan ma'aunin WAB da kuka ƙara a kakar 2024 zuwa 2025, mai duba nasarorin ƙungiya bisa wahalar jadawalinta ba ruwansa da yawan rata, don Allah a ba shi nauyi na gaske ranar zaɓe, kuma kwamitin nan na mutum 12 ya gaya wa koci-koci tun watan Nuwamba abin da zai duba a Maris.

Na gode, a huta lafiya.