Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Mai Girma Ministan Noma: Irin Samaru ya tsaya a hanya

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

A ƙarshen 2019 Najeriya ta fitar da irin wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, suka yi shekaru suna aiki a kansa ƙarƙashin Farfesa Mohammed Ishiyaku. An sanya masa ƙwayar halitta daga wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa, wadda ke kashe tsutsar maruka, tsutsar nan da ke cinye fure ta huda kwanso tun wake bai ƙosa ba. Manomin da ya saba feshi sau shida zuwa takwas a damina, da wannan iri sau biyu ya wadatar. Duk wanda ya taɓa goya tankin feshi da tsakar rana, magani na zubo masa a baya, ya san darajar wannan ragi fiye da masu rubuta rahoto.

To, Ranka ya daɗe, ina irin yake? A ƙauyuka da dama sunansa kawai ake ji a rediyo. Wanda ya je kasuwa nema, ɗan kasuwa zai auno masa wake daga buhu ya rantse cewa shi ne, kuma manomi ba shi da hanyar ganewa sai tsutsa ta faɗa gonar. Nan ne Hukumar Kula da Ingancin Iri ya kamata ta tsaya tsayin daka, ta sa hatimi, ta hukunta masu jabu.

Sai maganar gaskiya da ba a faɗa wa manomi. Wannan wake bai hana ƙwarin da ke tsotse kwanso ba, bai kuma hana ƙwaron rumbu ba. Ana so a shuka wake na gargajiya kusa da shi, don kada tsutsar ta saba ta daina mutuwa. Masarar TELA kuwa, wadda ita ma aka sanya wa ƙwayar halitta, da aka amince da ita a farkon 2024 don jure fari da tsutsar da ta addabi masara tun 2016, mai aure ce: duk shekara sai an sayi sabon iri. Wake ba haka yake ba. Wa zai bambance wa manomi waɗannan, alhali malaman gona sun yi ƙaranci?

Da aka bar wurin babu kowa, jita-jita ta shige. Yau a WhatsApp ake yanke wa irin hukunci, har Majalisar Wakilai ta nemi a 2024 a dakata da fito da sababbin irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, a yi bincike. Masu tambaya ba abokan gaba ba ne. Abin da za su ci ne suke tambaya a kai. A fito da sakamakon gwajin da hukumar NBMA, mai ba da izinin irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, ta duba, a fassara shi da Hausa, a kawo masanan Samaru gidan rediyo su amsa kiran waya kai tsaye.

Kafin ruwan shuka na baɗi, muna roƙon a kai irin dillalan da aka tantance a kowace ƙaramar hukuma, a ƙananan ledoji da talaka zai iya saya.

Allah ya taimaki Minista.

Naka,
Manomin wake daga ƙasar Zazzau