Gonar Daniel Freeman ba a sama ta faɗo ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta sharhin da jaridarku ta buga kan yadda Amurka ta raba wa talakawanta gonaki a ƙarni na 19, inda marubucin ya kawo misalin Daniel Freeman, wanda ake ɗauka shi ne ya fara cin gajiyar dokar rabon filaye ta 1862. Sharhin ya yi daɗin karatu, sai dai ya nuna kamar mutum zai je ofis ne kawai ya sa hannu, a miƙa masa gona, ya koma gida mai arziki. Ba haka abin yake ba.

Gaskiya ne Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar a watan Mayun 1862, kuma ta ba duk magidanci ko wanda ya kai shekara 21 damar mallakar eka 160, wajen hekta 65, da kuɗin rajista dala 18 kacal. Amma akwai sharaɗi: sai ka zauna a filin shekara biyar, ka gina muhalli, ka noma shi, sannan maƙwabta biyu su shaida ka yi hakan kafin a ba ka takardar mallaka. Cikin kusan mutum miliyan huɗu da suka nema, waɗanda suka kai ga takardar ba su wuce miliyan 1.6 ba. Da yawa daga cikin sauran wahala ta kore su. A 1874 ma fari suka sauka a jihohin Nebraska da Kansas, suka cinye amfanin gona ƙarƙaf, iyalai da dama suka tattara nasu-ya-nasu suka bar wajen.

Shi Freeman ya yi rajista a garin Brownville da ke Nebraska ranar 1 ga Janairun 1863. Ana cewa ya lallaɓi ma'aikacin ofis ya buɗe masa jim kaɗan bayan sha biyun dare, kuma wannan labarin ne marubucinku ya fi ba muhimmanci. Ni abin da ya fi burge ni shi ne wurin da ya zaɓa, bakin wani rafi kusa da garin Beatrice, inda akwai ruwa da itatuwa. Shi ya sa ya samu ya gina ɗakin katako. Waɗanda suka faɗa can tsakiyar fili, inda ba bishiya ko ɗaya, ƙasa mai haɗe da saiwar ciyawa suke yankawa su jera kamar tubali su yi ɗaki, uwargida kuma ta yi girki da busasshen kashin shanu ko na ɓauna.

Abin da ya fi ɗaure min kai, ko sau ɗaya sharhin bai ambaci matarsa ba. Sunanta Agnes Suiter, 'yar jihar Iowa. Ɗan'uwan Freeman ne ya fara neman aurenta, ya rasu a yaƙin basasar Amurka, sai Daniel ya nemi aurenta ta wasiƙa, aka ɗaura a 1865. 'Ya'ya takwas ta haifa a wannan gona, bakwai suka girma. Duk wanda ya san sabon sassabe ya san wa ke ɗibar ruwa, wa ke raino, wa ke adana abinci saboda hunturu. Freeman ya rasu a 1908, ita kuwa ta ci gaba da zama har 1931. Ashe ta fi shi daɗewa a gonar da ake kira da sunansa.

Sai kuma batun cewa filin "babu mai shi". Akwai masu shi. Ƙabilun Otoe da Missouria ne ke zaune a yankin. A 1854 aka sa su sallama yawancin ƙasarsu, aka takure su a wani ɗan yanki a bakin kogin Big Blue, a 1881 kuma aka kwashe su zuwa inda ake kira Oklahoma a yau. Tun 1936 gwamnatin Amurka ta mayar da gonar Freeman wurin tarihi da jama'a ke ziyarta.

Ina roƙon idan marubucin zai ci gaba da wannan jeri, ya ware kashi guda ga matan waɗannan manoma, wani kuma ga mutanen da aka tasa daga filayen.

Na gode.

Mai karanta jaridarku,
daga Zariya